Ɗiyar Gidan Wa Ce? Amsa Kan Lambar Firam Mai Alƙaluma Miliyan 41

Wani malamin lissafi da ke koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, nan Kaduna, ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, 'yan aji biyar sun zo mini da labarin wai an gano lambar firam mai alƙaluma sama da miliyan 41. Wani yaro ya ce shi bai yarda ba, don babu mai iya gwada raba ta da duk lambobin da ke ƙasa da ita. Na rasa abin da zan ce masa. Ta yaya aka tabbatar? Wace irin firam ce, kuma me ake yi da ita?"

Malam, kafin komai ka gaishe mini da yaron nan, ka kuma riƙe shi da kyau, don yana da kan lissafi. Abin da ya faɗa gaskiya ne: babu wanda ya gwada raba ta da lambobin da ke ƙasa da ita, kuma babu wanda zai taɓa iyawa. Inda ya yi kuskure kawai shi ne zaton cewa wannan ce kaɗai hanyar.

Bari mu fara da ita kanta lambar. Firam dai, kamar yadda kake koya musu, ita ce lambar da ta haura 1 wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Ni a aji nakan kira ta gagara-raba, yara sun fi saurin riƙe wannan sunan. Wadda ɗalibanka suka ji labarinta kuwa ana rubuta ta a layi ɗaya: 2^136,279,841 − 1. Wato ka jera lamba 2 har guda 136,279,841, ka ninka su gaba ɗaya, sannan ka ɗebe 1. Idan aka warware ta, alƙalumanta 41,024,320 ne, ta fara da 881694, ta ƙare da 551. Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano ta a watan Oktoban 2024, a ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa-kai na neman manyan firam da kwamfuta, wanda George Woltman ya kafa a 1996. Ta karɓi kambu ne daga hannun 2^82,589,933 − 1 mai alƙaluma 24,862,048, wadda aka gano a Disamban 2018.

Don yara su ji girman a jikinsu, ka ce musu: idan kowane alƙalami ya ci rabin santimita a takarda, layin zai kai kilomita 205, ya fi tsawon layin dogo daga tashar Rigasa zuwa Idu a Abuja. Wanda kuma ya zauna yana rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci, ba barci, ba salla, sai ya shafe kwana 475 kafin ya ajiye biro.

Yanzu ga hujjar yaronka. Don a tabbatar lamba firam ce ta hanyar gwajin rabawa, ba sai an bi duk lambobin da ke ƙasa da ita ba, a tsaya a tushen murabba'inta ya isa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. Ga 97, da zarar ka gwada 2, 3, 5 da 7 ka gama. To amma tushen murabba'in tamu lambar shi kansa yana da alƙaluma sama da miliyan 20. Masana kimiyya suna ƙiyasta cewa dukan ƙwayoyin zarra da ke sararin da ake iya hangowa, adadinsu bai wuce lamba mai alƙaluma 80 da ɗoriya ba. Ka ga ko kowace ƙwayar zarra ta zama kwamfuta, aikin ba zai ko kama hanya ba.

To yaya aka yi? Mu nan idan baƙon yaro ya shigo unguwa, ba a auna tsawonsa ko a ƙirga haƙoransa, ana tambaya ne: ɗan gidan wa ne? Da an faɗi gidan, an san rabin halinsa. Haka lamarin yake a nan. Kusan duk abin da aka sani game da wannan lamba, ba daga kallon alƙalumanta miliyan 41 aka san shi ba, daga siffarta ne, 2^p − 1, inda p ke nufin yawan 2 ɗin da aka ninka. Wannan gida shi ake kira gidan Mersenne.

Marin Mersenne wani malamin coci ne Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A 1644 ya fitar da jerin lambobin p da ya ce suna ba da firam: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyar. 67 da 257 ba sa bayarwa, kuma ya tsallake 61, 89 da 107 da suke bayarwa. Duk da haka sunansa ne ya bi gidan, kamar yadda unguwa kan ɗauki sunan wanda ya fara kafa bukka ko da ba shi ya gina ta ba.

Ƙa'idar farko ta gidan: dole p ita ma ta zama firam. Idan p na rabuwa, to 2^p − 1 na rabuwa. Duba 2^4 − 1 = 15, ko 2^6 − 1 = 63, ko 2^9 − 1 = 511, wadda take 7 × 73. Sai dai kasancewar p firam bai isa ba. 11 firam ce, amma 2^11 − 1 = 2047, wadda take 23 × 89. A nan ɗalibai da yawa ke faɗawa rami, su ɗauka sharaɗi guda ne ke aiki gaba da baya. Ka lura kuma da wani abu a misalin: 23 shi ne 22 da 1, 89 kuwa 88 da 1, kuma 22 na raba 88. Ba dace ba ne. Duk firam ɗin da zai raba 2^p − 1, in p firam ce mara, dole ya zama ninkin 2p da ƙarin 1. Da irin wannan rangwame masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, firam ce, ba tare da ya bi kowace lamba ba. Masu rubuta manhaja sun san wannan lamba sosai, don ita ce iyakar abin da ma'ajiyar lamba mai bit 32 ke ɗauka idan an ware gurbin alama.

Akwai labarin da nake so a nan. A 1903, a wani taron masana lissafi a Niyok, Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo bai ce uffan ba. Ya lissafa 2^67 − 1 a gefe guda, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu. Amsoshin biyu suka zo daidai, ya koma ya zauna, aka tafa masa. Daga baya ya ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe kafin ya samo su. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne, tun 1876 Édouard Lucas ya riga ya nuna cewa lambar tana rabuwa, ba tare da ya san abin da ke raba ta ba. Wato sanin lamba firam ce ko ba firam ba abu ne daban, samo masu raba ta kuma abu ne daban, kuma na farkon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ne abin da yaronka bai kai ga sani ba tukuna.

Hanyar Lucas, wadda Derrick Lehmer ya gyara ya kammala wajen 1930, ga yadda take, kuma za ka iya yin ta a allo gobe. Ka fara da 4. Ka ninka lambar da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da 2^p − 1, ka riƙe sauran kawai. Ka maimaita haka sau p − 2. Idan ka ƙare a sifili, lambar firam ce. Idan ka ƙare a wani abu daban, ba firam ba ce. Babu wataƙila a ciki, hujja ce tabbatacciya ga kowace p firam da ta haura 2.

Mu gwada 31, inda p take 5, don haka taki uku za mu yi. 4 × 4 − 2 = 14. 14 × 14 − 2 = 194, a raba da 31 saura 8. 8 × 8 − 2 = 62, a raba da 31 saura sifili. Shi ke nan, 31 firam ce. Ga 127, inda p take 7, taki biyar ne: 14, 67, 42, 111, sannan 111 × 111 − 2 = 12,319, wanda yake 127 × 97 cif, saura sifili. Ga 2047 kuwa, bayan taki tara za ka tsaya a 1736, ba sifili ba, don haka ta faɗi, alhali gwajin bai ce maka komai ba game da 23 ko 89. Da irin wannan dabara Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu a 1876, kuma ta riƙe kambu shekara 75, har 1951. Har yau ba a samu firam da ta fi ta girma da aka tabbatar da hannu zalla ba.

Saboda haka lambar Durant taki 136,279,839 take buƙata. Da yawa ne, kuma kowane taki ninka lamba ce mai alƙaluma miliyoyi da kanta, amma aiki ne da na'ura ke gamawa. Akwai kuma wata garaɓasa da 'yan gidan Mersenne kaɗai ke samu. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsari 2^p − 1 ba komai ba ce illa 1 da aka jera sau p: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Matsayinta a wurin kwamfuta kamar matsayin 9, 99 da 999 ne a wurinmu. Ka san idan kana neman sauran 123,456 bayan an raba da 999, ba sai ka yi doguwar rabawa ba, ka yanka ta biyu ka tara: 123 + 456 = 579, shi ne sauran. Haka kwamfuta ke yi a kowane taki, yanka da tarawa, ba rabawa. Wannan ne dalilin da ya sa manyan firam da ke saman jeri kusan duk 'yan gidan nan ne. Ba don sun fi sauran yawa ba ne, ai 52 kacal aka sani. Su ne dai masu araha wajen bincike. Mai neman allurarsa da dare ƙarƙashin fitila yake dubawa.

Shi Durant ba kwamfutar ɗaki ya yi amfani da ita ba. Hayar dubban na'urorin sarrafa hoto ya yi a cibiyoyin ajiyar bayanai da ke ƙasashe 17. A ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ayalan ta ba da alamar cewa mai yiwuwa lambar firam ce, washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer, sannan wasu mutane suka maimaita da manhajoji daban a na'urori daban kafin a sanar ranar 21 ga wata. Me ya sa gwaji biyu? Na farkon ya dogara ne a kan ƙaramar ƙa'idar Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, wadda kowace firam ke cika ta, amma wasu 'yan sojan gona ma kan cika ta. 341, wato 11 × 31, takan tsallake gwajin idan an yi shi da 2, ita kuwa 561, wato 3 × 11 × 17, takan tsallake da duk lambar da ba su yi tarayya a mai rabawa ba. Shi ya sa ake bambanta wadda ake kyautata wa zato da wadda aka tabbatar. Tamu tabbatacciya ce.

Sai batun rukuni. A nan ma siffar ce za ta ba mu amsa, ko alƙalami ɗaya ba sai mun duba ba.

Duk firam da ta haura 2 mara ce, don haka in an raba ta da 4 saura 1 ne ko 3. Fermat ya lura, Euler kuma ya tabbatar, cewa masu saura 1 ana iya rubuta su a matsayin jimlar murabba'i biyu, kamar 13 = 4 + 9 da 29 = 4 + 25, masu saura 3 kuwa ba sa yiwuwa. 4 na raba 2^p, a ɗebe 1 saura ya zama 3. Don haka lambarmu ba jimlar murabba'i biyu ba ce, kuma mun san haka cikin numfashi guda.

Akwai tagwaye, wato firam biyu da 2 ce kawai tsakaninsu, irin 11 da 13, ko 17 da 19. Nakan ce wa ɗalibai Hassan da Hussaini ne, kuma sau ɗaya tak aka taɓa yi musu Gambo, a 3, 5, 7, domin a duk lambobi mara uku da ke jere dole 3 ta raba ɗaya. Shin tagwaye suna ƙarewa? Har yanzu masana ba su warware ba, ko da yake a 2013 Yitang Zhang ya nuna cewa firam biyu da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba ba sa ƙarewa, daga baya wasu suka matse tazarar zuwa 246. Lambarmu ba ta da abokin tagwaitaka ta sama, domin in ka ƙara mata 2 za ka samu 2^p + 1, kuma 3 na raba wannan duk lokacin da p take mara. Haka kuma ba ta cikin rukunin Sophie Germain, wato firam ɗin da in an ninka ta biyu an ƙara 1 ake samun wata firam, kamar 11 da ke haifar 23. Ninkin tamu biyu da ƙarin 1 shi ne 2^(p+1) − 1, kuma p + 1 cika ce, don haka 3 na raba shi.

Maƙwabtan gidan Mersenne su ne 'yan gidan Fermat, masu ƙarin 1 a madadin ɗebe 1: 3, 5, 17, 257, 65,537. Fermat ya zaci duk jerin firam ne, sai Euler ya nuna a 1732 cewa ta shida, 4,294,967,297, ita ce 641 × 6,700,417. Tun daga nan ba a sake samun ko ɗaya ba. Gida ne mai 'ya'ya biyar da aka sani.

Abin da ya fi burge ni a gidan Mersenne shi ne auratayyarsa da kammalallun lambobi. Kammalalliya ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, za su dawo maka da ita: 6 = 1 + 2 + 3, 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14, sai 496, sai 8,128. Duba yadda aka gina su: 2 × 3, 4 × 7, 16 × 31, 64 × 127. Kowace da ɗan Mersenne a cikinta. Uƙlidis na Iskandariyya ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa kowace firam mai wannan siffa tana haifar da kammalalliya. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliya cika ta nan take fitowa, amma Euler ne ya kammala hujjar a ƙarni na 18. Saboda haka ranar da Durant ya samu firam ɗinsa, ya samu kammalalliyar lamba ta 52 a kyauta, mai alƙaluma sama da miliyan 82. Ko akwai kammalalliya mara? Shekara sama da dubu biyu ana nema, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba. In wani ɗalibi ya ce maka irin wannan wasa da lambobi na Turawa ne, ka tuna masa da Muhammad bin Muhammad Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu kan ƙa'idojin gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wani gyara da ya kamata ka yi wa ɗalibai: ba ita ce firam mafi girma ba, ita ce mafi girma da aka sani a lokacin da aka sanar da ita. Babu mafi girma. Hujjar Uƙlidis gajera ce: ka ɗauki kowane jerin firam, ka ninka su, ka ƙara 1. Babu ɗaya a jerin da zai raba amsar, saura 1 zai riƙa bari, don haka dole akwai wata firam a waje. Kada dai su ɗauka amsar kanta kullum firam ce: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 = 30,031, wadda take 59 × 509. Firam suna ƙaranci ne in an yi nisa, 25 ƙasa da 100, 168 ƙasa da 1,000, 78,498 ƙasa da miliyan, amma ba sa yankewa. Tsakanin wadda aka gano a 2018 da ta 2024 akwai firam da ba su ƙirguwa, ba mu dai san sunayensu ba ne. Lamba 52 ɗin ma ta waɗanda aka sani ce, domin ba a gama tantance duk p da ke tsakani ba.

Me ake yi da ita? Zan faɗa maka gaskiya, don na sha jin ana gaya wa yara wai da ita ake tsare kuɗin banki. Ba haka ba ne. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, na 1977, yana dogara ne a kan firam biyu na sirri, kowace mai alƙaluma wajen 300, waɗanda ninka su ke da sauƙi, warware su kuma ya gagara, wahalar da Cole ya sha ke nan aka mayar kwado. Sirrin shi ne jarin. Firam da duniya duka ta san ta, cikin jeri mai 52, kamar kwado ne da makullinsa ke rataye a Kasuwar Bacci. Ga ta kuma da nauyin da babu wayar da za ta ɗauka. A yau dai lambar Durant ba ta da aikin yi.

Ƙannenta ne ke aiki. 2^521 − 1, da Raphael Robinson ya gano da kwamfutar SWAC a 1952, ita ma a lokacin ba ta da amfani, yanzu kuwa a kanta aka gina ɗaya daga cikin ma'aunan ɓoye saƙo da ake amfani da su a intanet. 2^19,937 − 1, ta 1971, ita ce ƙashin bayan wata hanyar samar da lambobin ƙuri'a da aka fitar a 1997, wadda harshen rubuta manhaja na Python ke amfani da ita. 65,537 ta gidan Fermat tana cikin mafi yawan makullan RSA, WhatsApp kuma yana aiki da firam 2^255 − 19, mai alƙaluma 77. Shi kansa neman yakan tona asirin na'ura: a 1994 Thomas Nicely yana lissafi kan tagwaye ya gano kuskuren rabawa a Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, kuma masu haɗa kwamfuta har yau suna gasa sabuwar na'ura da manhajar Prime95 ta GIMPS don su ga ko za ta jure. Akwai ma kyautar dala 150,000 da ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare 'yancin masu amfani da intanet, ta ajiye wa wanda ya fara samo firam mai alƙaluma miliyan 100.

Manhajar kyauta ce, kowa na iya saukewa, amma da yanayin wutarmu da kuɗin man janareta ba zan ba ɗalibi shawarar ya shiga neman kyauta ba. Abin da zan so ka yi shi ne ka ba yaron nan 8,191, wato 2^13 − 1. Ka ce ya fara da 4, ya yi taki goma sha ɗaya da kalkuleta, ya kawo maka abin da ya saura. Ka ba abokinsa ita ma, amma shi ya bi ta gwajin rabawa, firam 24 ne daga 2 zuwa 89. Sannan ka ba su 524,287, wato 2^19 − 1, inda ɗaya zai yi taki 17, ɗayan kuma ya gwada firam sama da ɗari, ka tambaye su wa zai riga tafiya gida.